Filin Tambaya da Amsa: Yadda ake lissafin narkewar sinadari ba tare da ƙirga ƙwayoyin ruwa ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar sinadarai a nan Kano, kuma binciken da nake yi ya shafi lissafin kwamfuta a kan wani sinadari da ake samu a ganyen darbejiya. Malamin da ke duba aikina ya ce in sake lissafin gaba ɗaya a cikin ruwa, ya nuna mini inda zan rubuta PCM ko SMD a manhajar, sannan in zaɓi ruwa. Na yi hakan, lambobin kuma sun canja, amma da na duba hoton da kwamfutar ta fitar ban ga ƙwayar ruwa ko ɗaya a kusa da sinadarin ba. Ta wace hanya ruwan ya shiga lissafin? Kuma idan aka tambaye ni ranar kare aikin, me zan ce? Daga wata ɗaliba, unguwar Kabuga, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Ruwan ya shiga lissafinki, sai dai ba a matsayin ƙwayoyi ya shiga ba. PCM da SMD hanyoyi ne na sa tasirin ruwa a lissafi, kuma da su manhajar ta ɗauke shi a dunƙule, wato wani abu shimfiɗaɗɗe marar gaɓoɓi da ya kewaye sinadarinki ta ko'ina, kuma abin da ta riƙe daga halayensa kusan guda ɗaya ne, shi ne yadda yake mayar da martani idan ya ji cajin lantarki a kusa da shi. Domin ki iya kare wannan a gaban malamai, ya kamata ki san dalilin da ya sa aka yarda a yi hakan, da kuma wuraren da yin hakan ke ɓatar da mai lissafi.

Ƙwayar ruwa tana da atam ɗaya na oksijin da biyu na haidirojin, kuma ba a miƙe suke ba, akwai kusurwa ta digiri 104.5 a tsakaninsu. Oksijin ya fi ƙarfin janyo ilektiron, saboda haka ɓangarensa yana ɗauke da ɗan caji negatif, ɓangaren haidirojin kuma ɗan caji fozitif. Idan aka jefa ayon na sodiyam, wato atam ɗin sodiyam mai caji fozitif, cikin ruwa, ƙwayoyin da ke kewaye da shi sukan karkato ɓangaren oksijin wajensa, na bayansu ma su ɗan karkata, haka har zuwa nesa, kuma jimillar wannan karkatar ita ke raunana jan da ke tsakanin caji da caji. Dokar da Charles Coulomb na Faransa ya bayyana a 1785 tana ba mu ƙarfin jan da ke tsakanin caji biyu a sararin da babu komai. Idan aka sa wani abu a tsakaninsu, sai a raba wannan ƙarfin da wata lamba da ake kira lambar dayilektirik ta abin. Ta sararin da babu komai 1 ce. Ta kananzir tana wajen 2, ta kulorofom 4.8, ta asiton wajen 21, ta itanol 24.5, ta mitanol wajen 33, ta ruwa kuwa tana wajen 78 a digiri 25 na ma'aunin Salshiyos. Ma'anar wannan a aikace ita ce, ayon biyu masu kishiyar caji da ke sararin da babu komai sai sun yi nisan nanomita 56 (nanomita kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita) kafin jan da ke tsakaninsu ya yi raunin da girgizar zafin ɗaki za ta iya raba su, alhali a cikin ruwa nanomita 0.7 ta wadatar. Lambar ba a daskare take ba, zafi na rage ta domin yana hargitsa karkatar ƙwayoyin: a digiri 40, irin zafin da muke sha a Kano a watan Afrilu, tana sauka zuwa wajen 73, idan ruwan ya tafasa kuma ta koma wajen 55. Manhajoji da yawa suna ɗaukar digiri 25 ne idan ba a ce musu komai ba.

Za ki iya cewa, me zai hana a zuba ƙwayoyin ruwan a lissafin kowa ya gani? Abu biyu ne ke hanawa. Lissafin da ke bin ilektiron ɗaya bayan ɗaya, irin wanda kike yi, nauyinsa na hauhawa da sauri ƙwarai idan aka ƙara atam, ta yadda ƙwayoyin ruwa ɗari biyu ko uku sun isa su durƙusar da kwamfutar da ɗalibi ke iya samu. Na biyu ya fi wannan girma: ƙwayoyin ruwa ba sa zama wuri ɗaya, kullum cikin juyawa da sauya maƙwabta suke, don haka hoto ɗaya na ruwa a kewaye da sinadari ba ya nufin komai, sai an ɗauki dubban hotuna an fitar da matsakaicinsu. Lambar dayilektirik ita kanta matsakaici ce wadda aka riga aka auna a ɗakin gwaji. Mai awon gero a kasuwar Dawanau ba ya ƙirga ƙwaya, da tiya yake awo, kuma awonsa daidai ne matuƙar buhu ake ciniki. Sai ranar da aka ce masa ya auna ƙwaya biyar ne tiya za ta gaza. Wannan tsari ma yana aiki da kyau inda ƙwayoyin ruwa masu yawa suka haɗu suka yi tasiri, yana kuma rauni a daidai jikin sinadarin, inda ƙwaya huɗu ko shida ke yanke hukunci.

Wanda ya fara mayar da wannan tunani lissafi shi ne Max Born, masanin kimiyya na Jamus, a 1920. Ya ɗauki ayon a matsayin ƙwallo mai caji, ya lissafa makamashin da ake buƙata a ɗora masa cajin a sararin da babu komai, ya sake lissafawa a cikin ruwa, bambancin shi ne makamashin narkewa. Sakamakon gajere ne har za ki iya yinsa da biro: ki ɗauki 695, ki ninka da cajin ayon sau kansa, ki raba da rabin faɗin ƙwallon a ma'aunin angistirom, wato kashi ɗaya cikin goma na nanomita, sannan ki ninka da (1 − 1/ε), inda ε take wakiltar lambar dayilektirik. Abin da ya fito shi ne kilojul ɗin da kowane mol (ma'aunin yawan sinadari) na ayon ke samu na sauƙi idan ya shiga ruwa. Ina so ki tsaya a kan wannan lissafin, domin kusan duk abin da za a tambaye ki yana cikinsa.

Dubi ɓangaren ƙarshe tukuna. Idan ε ta kasance 2, amsar 0.5 ce. Idan ta kasance 24.5, amsar 0.96 ce, idan 78 ce, 0.987. Wato daga kananzir zuwa itanol an yi babban tsalle, amma daga itanol zuwa ruwa kusan ba a motsa ba, kuma ko da kin rage lambar ruwa daga 78 zuwa 40, amsar ba za ta canja da fiye da kashi 1 ko 2 cikin ɗari ba. Yanzu dubi girman ƙwallon. Idan kika sa 1.02, wanda shi ne rabin faɗin ayon na sodiyam a cikin daskararren gishiri, za ki samu wajen kilojul 670, alhali abin da aka samu daga awon ɗakin gwaji yana wajen 400. Kuskuren ba ƙarami ba ne. Tun a 1939 Latimer da Pitzer da Slansky suka nuna cewa idan aka ƙara angistirom 0.85 a girman ayon masu caji fozitif, da 0.1 a na masu negatif, lissafin na matsowa kusa da awo. Abin da wannan ke koyarwa shi ne, iyakar da aka shata tsakanin sinadari da ruwa ta fi lambar dayilektirik tasiri nesa ba kusa ba, kuma wannan iyaka ba abu ne da ake iya aunawa kai tsaye ba, zaɓa ake yi. Ni a ganina duk ɗalibin da bai san wannan ba bai kamata ya dogara da lambar da manhaja ta ba shi ba tukuna, komai yawan alƙaluman da suka biyo bayan ɗigo.

Sinadarinki ba ƙwallo ba ne, kuma wataƙila ba shi da caji a jimlace, sai dai wani gefensa ya fi wani. John Kirkwood a 1934 da Lars Onsager a 1936 su ne suka faɗaɗa tunanin ya kai ga irin wannan. Onsager ya nuna cewa sinadarin da cajinsa ya rabu gefe biyu yana karkatar da ruwan da ke kewaye da shi, ruwan da ya karkata kuma yana aiko da nasa filin lantarkin ya koma kan sinadarin, ya ƙara raba cajinsa, wannan kuma ya ƙara karkatar da ruwan, haka abin ke kai-komo har ya daidaita. Wannan martanin shi ne ya canja lambobinki. Amma su biyun sun sa sinadarin ne a gurbi mai siffar ƙwallo, domin shi ne abin da lissafin hannu zai iya ɗauka.

PCM da kika rubuta ya fito ne daga Jami'ar Pisa ta ƙasar Italiya a 1981, aikin Stanislav Miertus da Eolo Scrocco da Jacopo Tomasi. Abin da manhajar ke yi idan kika kira shi shi ne ta zana ƙaramin ƙwallo a kan kowane atam na sinadarinki, galibi ta ɗan ƙara girmansa, a al'adance da wajen kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, ta haɗe ƙwallayen su zama gurbi mai siffar sinadarin. Sai ta yanyanka fatar gurbin zuwa ƙananan faci ɗaruruwa ko dubbai, ta ɗora wa kowane faci ɗan caji gwargwadon filin lantarkin da sinadarin ke aikowa wurin da kuma lambar dayilektirik da kika zaɓa. Waɗannan ƙananan cajin su ne ruwan. Suna jan ilektiron ɗin sinadarin, ilektiron su gyara zama, a sake lissafa cajin facin, a maimaita har canjin ya tsaya. Idan manhajar da kike duba hoto da ita tana iya nuna fatar gurbin, ki buɗe ta ki gani: za ki tarar da caji fozitif ya taru a facin da ke fuskantar atam ɗin oksijin na sinadarinki, negatif kuma a gaban haidirojin ɗin da ke manne da oksijin, daidai inda ƙwayoyin ruwa na gaske za su tsaya. COSMO, wanda Andreas Klamt da Gerrit Schüürmann suka fitar a 1993, hanya ɗaya yake bi, illa dai yana fara ɗaukar ruwan kamar ƙarfe mai ɗaukar lantarki, domin lissafin hakan ya fi sauƙi, sannan ya rage amsar gwargwadon ε.

Cewa wannan ba wasa ba ne, gilaisin ya isa shaida. Shi ne mafi ƙanƙanta cikin tubalan furotin, kuma idan yana shi kaɗai a matsayin iska, haidirojin ɗinsa yana zaune ne a ɓangaren asid, babu caji a ko'ina. A cikin ruwa kuwa haidirojin ɗin yana komawa kan naitirojin, gefe ɗaya ya zama fozitif ɗaya negatif. Lissafin da ba a sa ruwa ba ba ya iya riƙe wannan siffa ta biyu, da an sake ta sai haidirojin ya koma inda ya fito, amma da an kunna tsarin ruwa a dunƙule sai ta tsaya da ƙafarta. Wanda ya yi lissafin sinadari mai irin waɗannan ɓangarori ba tare da ruwa ba, wani sinadari dabam ya lissafa.

Sai kuma inda yake gazawa, kuma a nan ne mai jarrabawa da ya san aikinsa zai matsa miki. Ƙwayar ruwan da ke manne da sinadari ba matsakaici ba ce, tana da fuska, tana yin riƙon haidirojin da wani atam takamaimai a wata kusurwa takamaimai, wani lokaci ma ita ce ke karɓar haidirojin daga wannan gefe ta miƙa wa wancan. Shimfiɗaɗɗen ruwa ba ya iya wannan. Haka kuma a jikin ƙaramin ayon filin lantarkin yana da ƙarfin da ƙwayoyin suka riga suka gama karkata, ba su da sauran martani, don haka 78 ba ta aiki a wurin. Lissafin Born bai san bambancin fozitif da negatif ba, tunda cajin ana ninka shi ne da kansa, amma ruwa ya sani: ayon na fotasiyam da na fuloraid kusan girmansu ɗaya, duk da haka ruwa ya fi riƙe fuloraid da gommai masu yawa na kilojul, saboda ƙaramin haidirojin yana iya matsowa kusa da caji negatif fiye da yadda oksijin ke matsowa kusa da fozitif. Akwai kuma abin da ba na lantarki ba ne sam. Kafin sinadari ya zauna a ruwa sai an buɗa masa wuri, buɗa wurin kuma yana cin makamashi, sannan akwai ɗan ja mai rauni da ke tsakanin kowane atam da maƙwabcinsa. Iskar misen, wadda ita ce mafi yawa a iskar gas ta ƙasa, makamashin shigarta ruwa yana wajen kilojul 8 ne a gefen hasara, alhali lissafin lantarki zalla ba zai taɓa ba da hasara ba. SMD, wanda Marenich da Cramer da Truhlar na Jami'ar Minnesota a Amurka suka wallafa a 2009, an gina shi ne domin cike wannan giɓin: yana yin lissafin lantarki irin na PCM, sannan ya ƙara gyara gwargwadon faɗin fatar kowane atam, gyaran da aka daidaita da ma'aunai sama da dubu biyu na ɗakin gwaji. Su da kansu sun bayyana cewa matsakaicin kuskurensa ya kama daga kilokalori 0.6 zuwa 1 a kowane mol (kilokalori ɗaya wajen kilojul 4.2 ne) ga sinadarai marasa caji, ga ayon kuwa wajen 4. Ki riƙe cewa kilokalori 1.36 daidai yake da maki ɗaya a ma'aunin ƙarfin asid da ake kira pKa, saboda haka kuskuren 4 na iya kai ki kusan maki uku nesa da gaskiya.

Shawarata gare ki ita ce, idan makamashin narkewa kike nema ki ɗauki SMD, idan kuma siffar sinadarin da rabon cajinsa kawai kike so, PCM ya wadatar. Ki zaɓi ruwan da aka yi gwajin da shi a zahiri: idan abokan aikinki sun yi gwajin DPPH, wato awon ƙarfin antioksidan na sinadari, a cikin mitanol, kamar yadda aka saba, to mitanol za ki sa, ba ruwan sha ba. Ki rubuta a kundinki sunan tsarin, da irin girman ƙwallayen da aka yi gurbin da su, da sigar manhajar, domin wanda bai ga waɗannan ba ba zai iya maimaita aikinki ba. Inda sinadarin ke da caji a wuri ɗaya, ki gwada sa ƙwayoyin ruwa biyu ko uku na gaske a wurin, ki bar shimfiɗaɗɗen ruwan ya kewaye su duka, ki ga ko amsar ta motsa. Kafin duk wannan, ki nemi sinadarai biyu ko uku masu kama da naki waɗanda aka riga aka auna, irin su finol, ki lissafa su da hanyar da kika zaɓa. Tazarar da kika gani tsakanin lissafi da awo ita ce za ki gaya wa masu jarrabawa idan suka ce miki, wannan lambar taki har ina za a yarda da ita.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata makarantar sakandare, kuma na kan gaya wa ɗalibai cewa gishiri na narkewa a ruwa ne saboda girman lambar dayilektirik ɗinsa. Wani yaro ɗan gidan marina ya tambaye ni dalilin da ya sa shuni ba ya narkewa a ruwa sai an sa toka an bar shi ya kwana biyu, bayan ruwan bai canja ba. Na ba shi amsa, amma ban gamsu da ita ba. Daga wani malami, Ƙofar Mata, Kano.

AMSA: Barka kadai, Malam. Abin da kake gaya musu gaskiya ne, amma rabin labarin ne, kuma tambayar yaron ta faɗa daidai kan rabin da ya rage. Narkewa gasa ce tsakanin abu biyu: riƙon da ƙwayoyin sinadari suka yi wa juna a daskare, da riƙon da ruwa zai yi musu idan sun rabu. A gishirin miya, raba sodiyam da kuloraid yana cin wajen kilojul 787 a kowane mol, ruwa kuma yana mayar da wajen 783 idan ya kewaye su, saura wajen 4 kacal. Manyan lambobi biyu ne suka kusa cinye juna, abin da ya ƙarasa aikin kuma shi ne walwalar da ayon ke samu idan sun bazu, har ruwa giram 100 ya iya ɗaukar gishiri wajen giram 36. A kananzir, lissafin Born yana cewa abin da za a mayar bai wuce rabi ba, kuma rabi ba ya biyan 787, shi ya sa gishiri ke kwanciya a ƙasan kwalba.

Lambar ita kaɗai ba ta isa a yi hukunci da ita ba. Itanol da asiton lambobinsu na kusa da juna, amma gishirin da itanol ke narkarwa ya ninka na asiton ninkin ba ninkin, domin itanol na da haidirojin da zai miƙa wa kuloraid, asiton ba shi da shi. Akwai wani ruwa da ake kira fomamaid wanda lambarsa ta haura 100, ta fi ta ruwan sha, amma gishirin da yake ɗauka bai kai rabin na ruwa ba. Sukari kuma ba shi da caji ko kaɗan, narkewarsa ta riƙon haidirojin ce tsakanin ruwa da ɓangarorin oksijin da haidirojin masu yawa da ke jikinsa.

Shuni kuwa ƙwayarsa shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da caji, kuma a daskare ƙwayoyin suna jeruwa ɗaya a kan ɗaya suna riƙe juna da riƙon haidirojin, saboda haka abin da ruwa zai bayar bai kai abin da za a kashe wajen raba su ba. Aikin da ake yi a karofi shi ne canja shunin, ba ruwan ba. Toka tana sa ruwan ya zama mai kaifi irin na kanwa, kwanakin da ake jira kuma na ƙananan halittu ne da ke ruɓar da ganyen baba, suna cinye oksijin ɗin da ke cikin ramin, suna kuma ɗora wa shunin ilektiron biyu. Sabuwar siffar da ya koma tana sakin haidirojin a ruwa mai kaifi ta zama ayon mai caji negatif, kuma da caji ya samu, duk ribar da Born ya lissafa ta samu, sai ya narke ya ratsa zaren. Yaron ya san sauran da idonsa: ƙyallen yana fitowa daga rami da launin kore-kore mai ruwan ɗorawa, marini ya ɗaga shi ya sha iska, nan take ya fara rikiɗewa zuwa shuɗi, domin oksijin ɗin iska ya karɓe ilektiron ɗin, shunin ya koma siffarsa marar caji a cikin zaren inda ruwa ba ya iya fitar da shi cikin sauƙi. Tsomawa da ɗagawar da ake maimaitawa ita ke ƙara duhun launin. Da ni ne kai, da na nemi izinin kai ajin bakin ramin, domin darasin caji da narkewa da musayar ilektiron duk yana faruwa a wurin cikin 'yan mintuna.

Wannan yana da amfani ga masu lissafin kwamfuta ma. Tsarin ruwa a dunƙule yana ba da gefe ɗaya ne na gasar, wato abin da ƙwaya ɗaya ke samu idan ta bar iska ta shiga ruwa. Bai san komai game da daskararren sinadarin ba, saboda haka ba a iya cewa magani kaza zai narke giram kaza da shi kaɗai.

TAMBAYA: Salam Malam. Ina son yin kwaikwayon motsin wani furotin tare da magani a jikinsa, kwamfutar cinya kawai gare ni, ga kuma yawan ɗaukewar wuta. An ce in cire ruwan in yi amfani da GB, wata hanyar lissafin ruwa a dunƙule, domin ya fi sauri. Ko hakan ya dace? Daga wani ɗalibin haɗa magunguna, Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ya danganta da abin da kake son sani. A kwaikwayon da ake zuba ƙwayoyin ruwa, irin tsarin TIP3P na William Jorgensen da abokan aikinsa na 1983, mafi yawan atam ɗin da ke cikin akwatin na ruwa ne, kuma kowane taku na lissafi femtosakan 2 ne (femtosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na maikirosakan, shi kuma kashi ɗaya cikin miliyan na sakan), ta yadda maikirosakan ɗaya ke buƙatar taku miliyan 500. GB, wanda Clark Still da abokan aikinsa suka fitar a 1990, faɗaɗa lissafin Born ne: kowane atam ana ba shi nasa girman ƙwallon gwargwadon yadda ya nutse cikin furotin, wanda ke waje ya ji ruwa sosai, na can ciki ya ji kaɗan. Shi kansa taƙaitawa ne na lissafin Poisson da Boltzmann, wanda ke haɗawa da tasirin gishirin da ke cikin ruwan bisa tunanin Debye da Hückel na 1923; a gishiri irin na jinin ɗan Adam, jan caji yana dusashewa a tazarar da ba ta kai nanomita ɗaya ba.

Idan so kake ka ga irin siffofin da ƙaramin furotin ke iya ɗauka, ko ka tace magunguna da yawa ka ware na gaba-gaba, GB zai yi maka aiki. Amma ka sani cewa babu kaurin ruwa a cikinsa, saboda haka furotin na motsi da saurin da ba na gaskiya ba, kuma lokacin da ka karanta daga kwaikwayon ba lokacin jiki ba ne. An kuma san wasu nau'o'insa da ƙarfafa riƙo tsakanin ɓangarori masu kishiyar caji fiye da kima. Mafi muhimmanci, ka fara buɗe hoton furotin ɗin da aka auna ka duba ramin da maganin ke zama. A furotiyes, wani furotin na ƙwayar cutar HIV, akwai ƙwayar ruwa guda ɗaya da ke zama gada tsakanin magunguna da dama da murfin ramin, har masu bincike suka ƙera wasu magungunan musamman domin su maye gurbinta. Idan naka na da irin wannan, cire ruwan zai cire maka abin da ke riƙe da maganin.

Ta fuskar manhaja, AMBER da OpenMM suna da GB, GROMACS kuwa ta cire shi tun sigarta ta 2019. Game da wuta, manhajojin nan suna ajiye inda aka tsaya a wani fayil lokaci-lokaci, GROMACS na yin haka duk minti 15 idan ba a canja ba, saboda haka ɗaukewar wuta ba ta mayar da kai farko, daga fayil ɗin za ka ɗora. Idan furotin ɗin ba babba ba ne kuma kwamfutarka na da katin hoto mai ɗan ƙarfi, ka gwada nanosakan kaɗan da ƙwayoyin ruwa na gaske tukuna, ka ga awa nawa ya ci, sannan ka yanke shawara.